Kalmomi Huɗu a Littafin Barira

Bayan la'asar, a dakalin gidanmu a Fagge,
Barira ta zo da littafi, bangonsa ya sha manja.
Ta ce, "Kaka, kai da ka tsufa a gidan ɗab'i,
ga kalmomi huɗu na Turanci, gobe za a tambaye mu.
Na duba ƙamus, kowacce ya ce mini haɗi.
In duk haɗi ne, me ya sa suka zama huɗu?"

Na gyara tabarau, na ɗaure igiyarsa a ƙeya.

Ta farko, miksca.
Na ce, leƙa ki ga uwarki tana tsintar shinkafa.
Tsakuwa ta shiga, ba ta zama shinkafa ba.
Buhu ɗaya suka kwana tun daga Dawanau,
amma faifai da haƙuri sun isa su raba su.
Gauraye ke nan. Kantin Kwari ranar Asabar:
kafaɗa na gugar kafaɗa,
magariba na yi kowa ya san hanyar gidansu.

Ta biyu, kamfawun. Wannan fuska biyu gare ta.
A Sabon Gari na fara jin ta ina ɗan aike:
gidan haya, ɗaki goma sha biyu, famfo ɗaya,
a yi cacar baki kan layin bokiti da safe,
a ci shinkafar suna tare da yamma.
Amma malamar kimiyya wani abu take nufi:
ruwan toka da man kaɗanya a tukunyar Iya Tabawa,
wuta ta shiga tsakani, sabulun salo ya fito.
To, je ki nemo mini tokar.
Je ki tatso mini man.

Ta uku, kwambineshin.
Ban ce komai ba, na nuna mata ɗaki.
Akwatin ƙarfen kakarki, mai kwaɗo mai lamba.
Lambobi uku ne kawai, kuma duk muna da su,
ba wanda bai iya ƙirga sifiri zuwa tara ba.
Wacce ke bin wacce, shi ne ta tafi da shi.
Damina biyu ke nan ina juyawa.

Ta ce, "A fasa mana."
Na ce, karanto ta huɗu.

Kamfozishin. Yauwa, nan ne gonata.
Ku a wurinku insha'i ne, shafi guda kan ranar kasuwa.
Mu kuwa haruffan dalma ne, ɗaya bayan ɗaya,
a juye, kamar rubutu a madubi,
yatsa baƙi ƙirin, ido na ruwa.
Har farin da ke tsakanin kalma da kalma
ƙarfe ne, da hannu ake ajiye shi.
Wata rana masu lanƙwasa suka ƙare mana,
na buga katin walimar Alhaji Mamuda mai fata,
maimakon maraba da baƙi
sai ga maraba da baki, har kati ɗari biyar.
Ya zo da kansa, yana dariya yana zagi,
ya ce ai gaskiya na faɗa, ci suka zo yi.
Albashin mako ya tafi a kan ƙugiya ɗaya.
Tun ranar na san tsari ba tarawa ba ne.

Barira ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa,
harshe a waje, biro na yoyo.
Can ta ɗago. "To kai da Inna, wanne ne?"

Adaidaita ta wuce, ta watsa mana ruwan kwata.
Na tsaya goge ƙafa, na daɗe ina gogewa.

Da na zaci shinkafa da tsakuwa ne mu,
ni ne tsakuwar, kowa ya shaida,
faifai ya zo ya ɗauke ta ya bar ni.
Amma jiya na ji kaina ina faɗa da almuru
kan an bar murfin tulu a buɗe,
da muryarta, har da tsakin.

Ban faɗa wa yarinyar ba.
Na ce, rufe littafin, an kira salla,
miƙo mini buta.
Ina alwala ina jiyo ta a ɗaki,
ƙas, ƙas, ƙas,
tana gwada ranar haihuwarta.